Ƙashin Saniya a Bakin Baffa

Na sauka lafiya, mace na samu, sunanta Hadiyya, kuma Baffa ya tauna mata dabino. Wannan na ƙarshen shi ne labarin, don saura ƙiris bai tauna ba. Tun ranar suna duk wadda ta shigo barka sai na zaunar da ita na ba ta, har Adda Bilki ta ce in dai bakina ba zai huta ba in rubuta a waya, in bar mutane su ci tuwonsu. To ga shi ina rubutawa da hannu ɗaya, yarinyar tana kan cinyata.

Ni ce Mashkura, autar gidanmu. A Limawa nake aure, cikin Dutse, maigidana keke yake ja. Adda Bilki ita ce babbarmu, ita ta raine ni, don Innarmu ta rasu ina cikin tsumma. Sai Hamma Zuhair, yana aiki a sakatariya. Mahaifinmu kuwa, Baffa, yana can gefen Ringim. Da kiwo yake yi, yanzu gero da dawa yake saye yana sayarwa a kasuwa.

A gidanmu duk jaririn da aka haifa, kafin a raɗa masa suna sai an kai shi hannun Baffa. Ya tauna dabino ya yi laushi, ya lakato da yatsa ya shafa masa a ganɗa, ya yi addu'a. Ya yi wa Adda, ya yi wa Hamma, ya yi min, ya yi wa 'ya'yansu kaf. Ko a Kano aka haihu sai ya hau mota. Ni tun ina ganin ana yi wa na Adda nake ƙiyasta ranar da zan miƙa masa nawa. Shi ya sa da na tabbatar ina da ciki, kafin in sayi ko wandon jariri, dabino na fara saya a hannun wani mai baro, na ƙulle a leda na jefa cikin kwalla. Maigidana ya yi ta min dariya, wai kafin in haihu ya zama dutse.

To Baffa yana da giɓi. Haƙoransa uku na sama, na gaba, babu su, tun ban san kaina ba. In ka tambaya sai a ce saniya ce ta buge shi, a ja bakin a yi shiru. Ya taɓa sa na roba, ranar wata kasuwa ya yi atishawa suka faɗa cikin buhun gero, aka auna wa wani mutumin Taura da su. Daga nan ya ce ya yafe. Hamma ne ya dage, ya ce yanzu ana dasa haƙori ya zauna daram kamar na haihuwa, akwai wata likita, Dakta Khaulat, tana zuwa daga Kano wani asibitin kuɗi a nan Dutse. Baffa ya yi ta nuƙu-nuƙu, ƙarshe dai ya zo. Ni ma na bi su, don asibitin ba nisa da mu, kuma lokacin cikin yana ƙarami, zaman gida ya ishe ni.

Ta ɗauki hoton bakinsa ta nuna mana a allo. Ta ce dashen wata 'yar ƙusa ce ta ƙarfe ake ɗaurawa cikin ƙashin muƙamuƙi, sai a ɗora haƙori a kanta. Amma wurin da haƙori ya daɗe da fita, ƙashin yana zaizayewa, kamar kunyar gona da ruwa ya ci. Na Baffa ya yi siriri har ƙusar ba za ta sami wurin kamawa ba. Sai an fara ƙara masa ƙashi, a jira watanni ya kama, sannan a zo maganar haƙori.

Baffa ya tambaya a ina ake samo ƙashin ƙari, ko sayar da shi ake yi kamar taki. Ta yi dariya ta ce kusan haka. Ana iya ɓantarowa daga can ƙuryar muƙamuƙinsa, amma ciwo biyu ke nan ga dattijo. Akwai kuma garin ƙashin saniya, wanda aka ƙone aka wanke har babu mai, babu jini, babu komai na rai a ciki, sai ramuka ƙanana kamar soso. Ya tambaya ko yankakkiya ce. Ta ce ta taɓa bincikawa saboda masu tambaya irinsa, ta kuma ce ya je ya tambayi malaminsa kafin ya amsa. Ya je ya tambaya, malamin ya ce babu laifi. Ya dawo da fara'arsa.

"Bafulatani da ƙashin saniya," ya ce mata, "ai 'yar gida za ki dawo min da ita."

Har Hamma sai da ya dara. Babu wanda ya ɓoye masa komai, da bakinsa ya yarda, yana raha.

Ranar aikin Hamma yana ofis, ni na zauna a kujerar lungu, Baffa ya ce a bar ni. Suka ɗebi jini a hannunsa suka sa a wani inji mai juyawa, da aka fito da shi saman ya daskare ya yi rawaya kamar kitsen miya ya kwana. Ta buɗe wata 'yar kwalba, garin yana ciki fari kamar gishiri mai tsakuwa, ta kwaɓa shi da jinin. An yi masa allurar kashe zafi, an rufe masa ƙirji da ƙyalle, to don kada ya tsorata sai take faɗa masa abin da take yi ɗaya bayan ɗaya. Ta ce yanzu ta buɗe dasashin. Ta ce yanzu tana cusa garin. Ta ce yanzu za ta lulluɓe shi da wata 'yar fata, don nama kada ya riga ƙashi shiga wurin.

"Yanzu ɗinki ya rage, Baba. Ka ga jikinka in ya shinshina sai ya ɗauka nasa ne. Sai ya saki jini ya shiga ramukan ya fara gini."

Ni ƙafarsa nake kallo, don ba na iya kallon bakin. Tana faɗin haka na ga yatsunsa sun lanƙwashe cikin takalmi, duka goman. Na ɗauka zafi ne. Da aka tashe shi, likita tana yi masa bayanin magani, shi kuma idonsa yana kan kwalbar da babu komai a ciki. A keke maigidana yana tsokanarsa wai saura amarya, ko kallonsa bai yi ba.

A gidan Hamma ya zauna jinya. Kullum da hantsi nake dama kunu in kai masa. Likita ta ce abinci mai laushi, to mu me ya fi fura da nono laushi? Na dama masa mai kyau, kindirmo na sa aka kawo min daga ruga. Ya kalli kwanon ya ture shi da bayan hannu. Mutumin da tun tasowata ban taɓa ganin rana ta faɗi bai sha nono ba. Ta kuma ce bayan kwana biyu ya riƙa kurkure baki a hankali da ruwan ɗumi da gishiri. Na haɗa na miƙa masa, ya tambaye ni me ke ciki, na ce gishiri. Wallahi sai da ya ja da baya har ƙeyarsa ta bugi bango. Ya ce kada in ƙara kawo masa gishiri kusa da wurin nan. Dole Hamma ya sayo masa ruwan kurkure baki na kwalba a kemis.

Wata rana da azahar na same shi zaune a tabarma, ya buɗe tafin hannunsa yana kallo. 'Yan ƙwayoyi ne farare guda biyu, ƙanana kamar yashi. Ya ce a kan harshensa ya tsince su.

"Ɗinkin ya fara buɗewa, Auta. Za ta gani."

Na ce wa zai gani? Ya dunƙule hannun. Na kira likita a waya, ta ce ba komai ba ne, 'yan ƙwayoyi sukan zubo a farko, in babu kumburi babu ruwa kada mu damu. Na faɗa masa. Ya ce to. Ya ƙulle ƙwayoyin a bakin rawaninsa.

Daga nan ya fara rufe baki da rawani ko a cikin ɗaki. Karatun da yake yi da ƙarfi bayan asuba ya koma yi a zuci. Kuma kullum in la'asar ta yi sanyi, daidai lokacin da shanu suke dawowa daga kiwo, sai ya dafe leɓensa na sama ya yi shiru. Na matsa masa da tambaya, ya ce ba ciwo ba ne. Ya ce ji yake kamar ana lasar wurin daga ciki, da harshe mai kaushi, a hankali, a hankali, kamar yadda uwa take lasar ɗanta. Ranar da ya faɗa min haka, da rana tsaka ne, yaran Hamma suna ta guje-guje a tsakar gida, amma tsigar jikina sai da ta tashi. Na koma gida na kasa shan shayi saboda madarar.

An cire zare, likita ta ce wurin ya yi kyau, ya koma Ringim ya dawo bayan watanni a sake hoto. Ya koma. Muna waya yana tambayar jikina, amma in na ce Baffa dabinonka yana nan a kwalla, sai ya ce ana kiran salla, ko ya ce ga mai sayen gero ya zo. Matar da take dafa masa abinci a can, matar ƙaninsa, ta gaya wa Adda cewa ya daina bi ta kara, wajen da ake sayar da shanu, sai ya zagaya ta bayan tasha ko da kaya a kansa.

Na haihu ranar wata Talata da safe, ba wata doguwar wahala, Allah ya kawo da sauƙi. Ku ga yarinyar nan, gashi har goshi, yatsu dogaye irin na Innarmu in ji Adda. Adda ta taho ta tare a wurina don wanka. Washegari Baffa ya iso. Ina jin sallamarsa na ce a ciro min ledar nan. Ya shigo, ya tsuguna daga bakin ƙofa, rawani a baki. Adda ta miƙa masa jaririyar, ya karɓa ya daɗe yana kallonta, ya yi addu'a ƙasa-ƙasa ta cikin rawanin. Na tura masa dabinon a faranti.

Ya ce a kai wa kakanta na wajen uba ya yi. Ko liman.

Na ce Baffa wasa kake yi. Ya ce ba wasa.

"Bakin nan ba nawa ba ne ni kaɗai, Auta. Ba zan sa yawunsa a bakin 'yarki ba."

Ya mayar wa Adda ita ya fita. Na bi bayansa da kallo, ban san sanda na fara kuka ba. Surukata ta ce mene ne abin kuka, dabino dai dabino ne, ga malam, kakanta, nan a gida ya tauna. Maigidana ma ya lallaɓa ni. Na ce babu wanda zai tauna. In Baffa bai yi ba, a raɗa mata suna haka, ta zama ita kaɗai a zuriyarmu da ba ta ɗanɗana ba, in ta girma ta tambaya ni zan gaya mata. Na mayar da ledar cikin kwalla na rufe. Amma gaskiya a ƙasan raina akwai wani abu kuma. Ni ma na fara tsoron bakin. In ina ba ta nono sai in tuna harshen nan mai kaushi, in ƙara ƙanƙame ta.

Kwana na tafiya, suna na matsowa. Wata safiya Adda tana min wanka a bayan ɗaki, ruwa yana tururi, tana tsoma ganyen darbejiya tana fyaɗa min a baya, ni ina ihu tana cewa raguwa kawai, ita da ta yi biyar ba ta taɓa ko tari ba. Na ce Adda ki bar zancen nan, ki gaya min wace ce za ta gani. Ta tsaya da ganyen a hannu. Ta ce wa ya ce min haka. Na ce Baffa, ranar da ƙwayoyi suka zubo.

Ta zauna a kan turmi. Ruwan yana hucewa ba ta kula ba.

Ta ce lokacin da Innarmu ta rasu ban yi arba'in ba, kuma shekarar rani ya yi tsanani, shanun Baffa duk sun ƙafe sai guda ɗaya, Wule, wata mai farin goshi da ta haihu kusan tare da Inna. Babu mai shayarwa a rugar. Nonon Wule ake tatsa a tafasa a sirka a ɗura min da cokali. Sai ɗan maraƙin ya kwanta ya mutu. Saniya kuwa irin tamu in ba ta ga ɗanta ba, ba ta sakin nono, ko za ka kwana kana ja. Na yi yini biyu ina tsala kuka babu abin ba ni sai ruwa.

To akwai abin da makiyaya suke yi. Baffa ya feɗe maraƙin, ya cusa wa fatar harawa, ya ɗinke, ya kafa mata ƙafafu da itace. Ya barbaɗa gishiri a bayan. Aka kai gaban Wule. Ta shinshina, ta ji warin ɗanta, ta fara lasa, nono ya sauko. Adda ta ce ita take riƙe abin, tana 'yar shekara goma, kullum safe da yamma, Baffa yana tsugune yana tatsa. Ta ce idon abin ramuka ne kawai, ƙuda na shiga suna fita, har yau in ta yi zazzaɓi shi take gani. Haka aka yi ta yi har na yi ƙwari na fara shan kunu.

Ran nan da yamma Wule tana lasa, gishiri ya sa ta dage a wuri ɗaya, sai ɗinkin ciki ya ɓalle. Harawa ta zubo ƙasa. Adda ta ce saniyar ba ta yi kuka ba, ba ta yi komai ba, tsayawa ta yi tana kallon harawar. Baffa ya taso da sauri zai tattara ya mayar, ya sunkuya a gabanta. Ta ɗaga kai sau ɗaya. Gindin ƙahon ya same shi a baki.

Bayan nan ba ta ƙara yarda an taɓa ta ba. Ta daina bin garke, sai ta tsaya inda fatar take rataye tana kallo. Kasuwa biyu aka yi Baffa ya ja ta ya sayar wa mahauta. Adda ta ce da ya dawo ya rataye igiyar, bai ci abinci ba, kuma daga shekarar ya fara rabuwa da shanu ɗaya bayan ɗaya.

"A cusa, a rufe da fata, a ɗinke, a ce wa jiki nasa ne," in ji Adda. "Ke da kike wurin, ba haka likitar ta yi masa ba?"

Na ce haka ta yi. Har da gishirin.

Ta tashi ta taɓa ruwan ta ce ya huce, sai an ƙara wuta, kuma in na gaya wa Baffa ita ta faɗa min sai ta ƙona min baya gobe.

Ranar ban iya barcin rana ba. Ina kallon Hadiyya, ina taɓa gwiwar hannuna, ina taɓa haƙarƙarina. Na kira Hamma na ce don Allah ya kai Baffa a yi hoton nan kafin suna, tunda dama lokacinsa ya kusa, kuma likitar za ta shigo gari washegari. Ya ce Baffa ba zai yarda ba. Na ce ya ce masa ni na roƙa, mai jego. Ya je.

Washegari da yamma suka shigo tare. Hamma yana ta murna, ya miƙo min wayarsa, ya ɗauko hoton allon. Ya ce likita ta ce ƙashi ya kama, ya yi kauri, bayan sallah za a sa ƙusa. Na duba, ni dai fari da toka-toka nake gani, amma inda da yake siriri kamar bakin wuƙa yanzu ya cika. Baffa yana bakin ƙofa inda ya tsuguna ran nan. Shi ba murna a fuskarsa.

Hamma ya ce matsalar Baffa tambaya. Wai ya tambayi likita ko garin ya narke ya fita. Ita kuma ta gaya masa gaskiya, ta ce wani ya narke, amma na saniya ba ya tafiya duka. Ƙashinsa ne ya bi ramukan ya shiga, ya zagaye kowace ƙwaya ya riƙe ta. Wasu za su zauna a ciki shekara da shekaru, wataƙila har ƙarshen rai. Ya tambaya ko za a iya buɗewa a kwashe. Ta ce yanzu ko ita ba za ta iya raba nasa da nata ba, sai dai a yanke duka.

"Ka ji," Baffa ya ce ta cikin rawani. "Da ita za a binne ni."

Hamma ya fara cewa Baffa wannan fa saniyar wata ƙasa ce can, ko Najeriya ba ta taɓa gani ba. Baffa ya ce ya sani, shi ba yaro ba ne. Ya ce sanin bai hana la'asar yi ba, bai kuma hana lasar ba.

Ni ban shirya abin da zan faɗa ba. Adda tana gefe tana hararata. Na sauko daga gado da yarinyar, na zauna a ƙasa kusa da shi, abin da mai jego ba ta yi, surukata tana cewa sanyi, sanyi. Na miƙa masa hannuna na ce ya taɓa. Ya ce mene ne. Na ce ya dai taɓa ƙashin. Ya kama wuyan hannuna.

"Baffa, wannan da me aka gina shi? Ba da nonon Wule ba?"

Ya juya ya kalli Adda. Adda ta kalli silin.

Na ce likitar awo ta gaya mana ƙashin jariri daga jikin uwa yake ɗiba, shi ya sa haƙorina ɗaya ya yi ta ciwo da cikin nan. To in nawa na Wule ne, na wannan ma nata ne. Na buɗe zanin na fito da ƙafar Hadiyya, 'yar mitsitsiya, na ɗora masa a tafin hannu.

"Wule ta riga ka shiga jikinta, Baffa. Ba ta jira dabinonka ba."

Ya riƙe ƙafar, babban yatsansa yana bin ƙwaurin a hankali. Can ya ce, ba da ni yake ba, ba da kowa ba, wai har ranar da ya ja ta kasuwa nononta yana ɗiga a hanya, babu mai sha. Ya ce bai taɓa ce mata ta yi haƙuri ba, don ba a ce wa dabba haka, mutane sai su ce ka taɓu.

Adda ta ce, murya ƙasa, to ai ga ta nan kusa, ba sai ya ɗaga murya ba.

Ban san me ya faɗa ba. Ya dafe leɓensa ta kan rawanin, bakinsa yana motsi, da Fulatanci ne, ni kuma nawa bai taka kara ya karya ba. Adda ta ji, don na ga ta juya baya tana gyara kayan da ba su ɓaci ba. Da ya gama sai ya sa yatsa ya ja rawanin ƙasa. Rabona da ganin bakin Baffa tun ranar da aka cire zare. Giɓin yana nan, amma leɓen da ya saba faɗawa ciki ya taso, har ya yi min kamar wani baƙo mai kama da shi.

Ya ce ina dabinon.

Na ce wa maigidana kwalla, kwalla ta sama. Ya kawo ledar. Maganarsa ta tabbata, dabinon ya bushe ƙamas, da Baffa ya jefa ɗaya a faranti sai da ya yi ƙara. Hamma ya ce a aika a sayo sabo, likita ta hana shi cizon abu mai tauri da gaba. Baffa ya ce wannan aka ajiye masa, wannan zai tauna. Aka jiƙa shi a ruwan ɗumi, muna zaune muna kallon kofi kamar masu jiran shayi. Ya ɓare, ya cire ƙwallon, ya kai can turamen gefe yana taunawa a hankali. Ya yi bismilla, ya lakato, ya sa mata a ganɗa.

Ku zo ku ga yarinyar nan. Ta yamutsa fuska kamar za ta yi kuka, sai kuma ta kama yatsan ta hau tsotsa, har da ƙara. Ya ja ta ƙi saki. Adda ta ce to, an sami wata mayyar zaƙin, uwarta ta biyu. Baffa ya yi dariya da giɓinsa a waje, hawaye yana bin gemunsa, ya yi mata addu'ar da yake yi wa kowa, da ƙarfi, kowa ya ji ya ce amin.

Lokacin la'asar ta yi sanyi. Ina lura da shi, don na san lokacin. Yarinyar tana hannunsa na ga ya tsaya, idonsa ya tafi wani wuri, harshensa yana taɓa wurin ta ciki. Na ce Baffa, tana yi? Ya ce tana yi. Na ce da zafi? Ya ce a'a, dama bai taɓa cewa da zafi ba.

Ranar suna da safe ya sha fura, da nono, rabin kwano. Ya koma Ringim, bayan sallah zai dawo a sa masa ƙusa. Jiya ya kira ni yana tambaya ko tana ƙoshi. Na ce tana ƙoshi har tana tumbuɗi.

Abu ɗaya ne ban gaya wa masu barka ba. Hadiyya ba ta da rigima, ga ta nan, sai ta yini ba ka ji kukanta ba. Amma kullum in la'asar ta yi sanyi sai ta farka, ko yanzu na kwantar da ita. Ba ta kuka. Juyar da kai take yi wajen ƙofa ta yi shiru, ni kuma a daidai lokacin nono yake cika min har ya jiƙa riga. Adda ta ce duk mai jego haka take, in daina sa wa kaina abu. Wataƙila haka ne. Ni dai in lokacin ya yi ɗaukarta nake yi in ba ta, in bar ƙofar a buɗe.